Motar Ozell a Bayan Shinge

Mijina Ozell Pettibone makanike ne a wani ƙaramin gari na jihar Indiana a Amurka, zamanin da motoci ba su daɗe da korar keken doki daga titi ba. Yana da wata tsohuwar mota da ya tuɓe wa jiki, ya bar inji da kujera biyu. Matsalarta ɗaya: da ta ɗauki gudu sai numfashinta ya ƙare.

Duk bazarar nan a kan kamshaf ya ƙare ta, wato sandar nan mai ƙusumbi da ke buɗe bawuloli, ƙofofin numfashin inji. Ya goga, ya ɗaura, ya kwance, ya sake gogawa. So yake bawul ɗin shan mai ya ɗan jinkirta rufewa, don injin ya cika cikinsa in gudu ya yi gudu. Ya samu yadda yake so, sai dai in motar tana tsaye ba abin da take yi sai tari da karkarwa.

Maƙwabcinmu Cleophus yakan leƙo ta katanga ya ce, "Ozell, ka kai tsohuwar nan asibiti mana! Ko tarin fuka ne?"

"Bari ta ga fili, ɗan'uwa. Ranar za ka nemi inda za ka ajiye bakinka."

Ranar tseren motoci na gundumarmu muka tafi tare. Mai shirya tseren, Mista Haskett, ya kasa kunne ya saurari injin, har ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Aiki ya yi kyau. Amma baƙar fata ba ya hawa filina. Ka ba direbana motar, kai ka tsaya gefe kamar mai shara."

Ozell ya ce, "Yallaɓai, hannun da ya goge ta shi zai tuƙa ta." Ya juyo gare ni. "Verlie, hau."

Akwai hanyar gona da ta bi jikin miƙaƙƙen ɓangaren filin, shingen katako kawai ya raba su. Can ya kai mu, muka jira. Da motocin suka shawo kwana, ya ba motarmu wuta. Ta yi gardama kaɗan, sai muryarta ta washe, iska ta fizge mini hula. Muka kamo na baya, muka wuce na tsakiya. Na ga direban da ke kan gaba ya waiwayo, baki buɗe, mu kuma mun riga mun ba shi ƙura. 'Yan kallo suka miƙe tsaye, kowa idonsa a bayan shinge.

A ƙarshen hanyar ɗan sanda na jiranmu, fuska a murtuke. Ya ce, "Kai, ka san irin gudun da kake yi?"

"Ban sani ba, yallaɓai. Tambayi waɗanda na bari a baya."

Aka tafi da shi, sai Litinin aka sako shi, kuma Haskett bai taɓa buɗe masa filin ba. Ni na mayar da motar gida a ranar. Ɗan sandan ya ce in bi ta bayan gari. Ta tsakiyar kasuwa na bi.