Makullin Gidan Ummu Ziyad

Duk birnin Amman babu dillalin gidajen da ya kai Abu Wasfi iya kushe hajarsa. Mutumin da a zamanin ƙarfinsa zai sayar maka da ɗakin ƙarƙashin bene ka fita kana yi masa godiya, shi ne yanzu in ya kai mai saye gidan Ummu Ziyad sai ya fara da nuna masa bangon da ke jiƙewa da hunturu, lokacin ruwan samansu.

Ba ƙarya yake yi ba, wannan kam a ba shi. Bangon yana jiƙewa, matakalar da ke hawa unguwar Luwaibida doguwa ce, ruwan famfo kuma ranar da aka sako wa unguwa da ƙyar yake kaiwa tankin saman rufi. Amma gidan yana da taga mai kallon tsohon gari, kuma Abu Wasfi ya ƙware wajen tsayawa daidai inda kafaɗarsa za ta tare ta.

Ummu Ziyad matar amininsa ce. Da mijin ya rasu, ɗanta Ziyad ya zo ya tafi da ita Kanada, ta damƙa wa Abu Wasfi makulli ya sayar da gidan. Shi ma a lokacin ya daɗe da binne tasa matar. Tun tafiyarta kowace Juma'a bayan la'asar wayarsa sai ta yi ƙara.

"An samu mai saye, Abu Wasfi?"

"Ana dai ta kallo, Ummu Ziyad. Mutanen yanzu ba su san gida ba."

Maganar ciniki ta ƙare ke nan. Sauran hirar ta bishiyar lemon tsamin tsakar gidan ce, da wanda ya rasu a unguwa, da wadda ta aurar da jika, da man zaitun ɗin bana da bai kai na bara ba. Ita ta ba shi labarin sanyin da ke hana ta leƙa ko ƙofa. In ta ajiye waya yakan daɗe zaune da makullin a hannu. Kewarta yake yi, kuma ya san da haka. Tsufa ya yi, ba wauta ba.

Ana nan sai wata Juma'a Ziyad ya karɓi wayar daga hannun uwarsa.

"Baffa, Rula ta ce min lasisinka zai ƙare ƙarshen shekara, kuma za ka rufe ofis ka huta. In haka ne kada mu wahalar da kai, akwai kamfanin da zai karɓi makullin."

"Rula ce ta ce?"

"Ita ce."

"To, Rula ba ita ta haife ni ba. Lasisina zan sabunta."

Rula 'yarsa ce, kuma da yamma ta shigo da tukunyar ganyen inabi naɗaɗɗe ta tarar da shi ya kumbura.

"Baba, ofishin da ƙuda ma ya daina shiga? Gwiwarka ba ta hawa matakala, idonka ba ya karanta ƙananan rubutu. Gida nawa ya rage a hannunka?"

"Akwai."

"Nawa?"

"Zuba min abinci."

Ta zuba, tana kallonsa ta wutsiyar ido. "Lemon gidan Ummu Ziyad dai ya fi jikokinka samun ban ruwa."

Ya ci abincinsa kamar wanda ake bi da bulala.

Sabunta lasisi ba ya kashe mutum, sai dai ya gajiyar da shi har ya gwammace mutuwar. Ana son sabon hoto, da shaidar cewa ba a taɓa ɗaure ka ba, da takardar hayar ofis, da ta haraji, kuma kowace a wani gini take, kowane gini a kan wani tudu. Abu Wasfi ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai hoto ya ce ya ɗaga haɓa, ya ɗaga, aka miƙo masa hoton wani tsoho mai kama da mahaifinsa. Ya biya ya fita.

A ofishin lasisi wata ma'aikaciya mai tabarau ta juya tsohon katinsa tana murmushi.

"Baffa, wannan katin ya girme ni."

"Ya kuma fi ki haƙuri."

Ta yi dariya. "Gidaje nawa kake dillanci yanzu?"

"Ɗaya."

"Ɗaya? Duk wannan hawa da sauka saboda gida ɗaya? Fadar sarki ce?"

"Bangonsa yana jiƙewa," in ji shi, don bakinsa ya saba.

Ta ce takardar harajin ba ta da hatimi, ya koma. Ya koma. Ta ce hoton bayansa shuɗi ne, fari ake so. Ya sake zama gaban mai hoto ya sake ɗaga haɓa. A motar haya ta dawowa gwiwar ta riƙe shi har direba ya fito ya kama hannunsa, abin da ya fi ciwon gwiwar ɓata masa rai. Duk da haka ranar da aka miƙo masa sabon kati ya saya wa ma'aikaciyar kunafa mai zafi, kayan zaƙin nan na cuku, ya hau matakalar Luwaibida yana hutawa a kowace kwana, ya ba lemon ruwa. Ya samu shekara guda ta Juma'o'i, kuma a shekarunsa ba ya raina shekara.

Da wayar ta yi ƙara da la'asar ta Juma'a shi ya fara magana. "A gaya wa Ziyad ya bar kamfaninsa ya huta. Kati yana aljihuna."

"Alhamdu lillahi," in ji Ziyad, wanda ashe yana gefen uwarsa. "Ya zo a kan gaɓa, Baffa. Ka tuna likitan da ka kai da bazara? Ya neme ni da kansa. Ya ce bai taɓa ganin dillali mai gaskiya irinka ba, tunda ka nuna masa duk aibin gidan ya san babu wani a ɓoye. Mun daidaita. Umma za ta zo ta sa hannu, kai za ka rubuta yarjejeniya ka buga hatiminka. Ba don ka sabunta ba da sai mun nemi wani."

Abu Wasfi ya ce Allah ya sanya alheri. Me zai ce? Shi ya hau tudun nan da ƙafarsa ya karɓo wuƙar da za a yanka shi da ita.

Ummu Ziyad ta iso cikin watan da lemon ya nuna. Ranar sa hannu ya riga kowa zuwa ya buɗe tagogi, ita kuma ta zo tun da hantsi, alhali likita sai bayan azahar. Ta ɗan rame, ta koma tafiya da sanda. Ta tsaya a tsakar gida tana kallon bishiyar.

"Wannan ce bishiyar gidan da babu kowa?"

"Ruwan sama ne."

"A Amman? Ka ji tsoron Allah, Abu Wasfi." Ta zagaya ɗakunan a hankali, ta dafa bangon nan. "Wannan ne ya kori masu saye shekara da shekaru? Mu da muka zauna da shi har Ziyad ya yi gemu?"

"Mutanen yanzu..."

"Ba su san gida ba. Na sani. Ka sha faɗa min."

A kicin akwai ƙaramin murhun gas da ta bari da 'yar tukunyar gahawa. Ta fito da ƙullin gahawa daga jakarta, ta ce ba za ta fita daga gidan mijinta ba tare da ta dafa ta ƙarshe ba. Ƙamshin ya cika gidan, gidan ya koma gida. Ta kawo masa finjali inda yake zaune a bakin taga, ya karɓa da hannun dama.

Sai ya ajiye shi a kan dakalin tagar bai kurɓa ba.

Babu ɗan ƙasar nan da bai san wannan ba. Wanda ya ajiye gahawa bai sha ba da buƙata ya zo, kuma ba zai taɓa finjalin ba sai mai gida ya ce masa ya sha, wato an ba shi abin da ya nema. Abu Wasfi yana cikin ayarin da ya je nemar wa amininsa auren wannan matar, yana saurayi a can ƙarshen layi. Da kunnensa ya ji mahaifinta ya ce su sha gahawarsu. Ya sha tare da kowa, kuma bai taɓa gaya wa kowa yadda ta sauka masa ba.

Ummu Ziyad ta kalli finjalin, ta kalle shi. Ta zauna a kan akwatin da ke gefe, ta jingine sandarta.

"Ina jin ka, Abu Wasfi."

Ya shirya maganar tun a kan matakala. Kada ki sayar. Ki dawo. Ni ma gidana babu kowa, ga lemo, ga rana, me kike yi a ƙasar da ba kya iya leƙa ƙofa? Duk suna nan a bakinsa. Amma ya ga sandar, ya ga wayarta a cinya da hoton jikoki a fuskarta, ya ga yadda hannunta ya rufe hoton kamar mai kare shi daga abin da za a faɗa. Ta san abin da zai roƙa. Ya ga kuma tana tsoron ya roƙa, don ba za ta iya cewa ya sha ba.

"In an sayar," in ji shi, "ba ki da abin tambayata ranar Juma'a."

Ta zuba masa ido.

"To, ki riƙa kira duk da haka. Buƙatar ke nan."

Ta sunkuyar da kai ta daɗe tana gyara bakin mayafinta. Da ta ɗago idonta ya jiƙe.

"Tun shekarar farko Rula ta gaya min inda kake tsayawa ka tare taga," ta ce. "Kana tsammanin farashin gida nake kira in ji?" Ta tura finjalin kusa da shi da yatsa. "Sha gahawarka."

Gahawar ta riga ta huce. Ya shanye ta har ƙasa.

Likita ya zo a kan lokaci da matarsa, suna ta yaba tagar, tunda yau babu kafaɗar kowa a gabanta. Abu Wasfi ya ajiye sabon katinsa a kan tebur don kowa ya gani, ya karanta yarjejeniyar da tabarau biyu, nasa da na Ummu Ziyad da ta ara masa, ya hura hatimi ya buga. Sannan ya ciro makullin daga aljihun da ya daɗe a ciki har ya huda shi, ya miƙa.

"Lemon ba ya son ruwa da tsakar rana," ya ce wa likitan. "Da yamma ake ba shi."

Ya sauka matakalar a bayanta, ita da sanda, shi da bango, babu mai saurin da zai bar ɗan'uwansa. A aljihunsa akwai lasisin shekara guda cur, ba shi da gida ko ɗaya. A ƙasa motar haya tana jiranta. Ta shiga, ta sauke gilashi.

"Bayan la'asar ɗinku ko?"

"Bayan la'asar," in ji shi.