Fulogin Hagu

Tun ranar da Tela ya sayi sabon babur ya fahimci an shirya masa wata zamba. Injin fulogi biyu gare shi, ɗaya dama ɗaya hagu. Mai sayarwa ya ce idan wuta ta tashi ta gefe biyu, man yana ƙonewa tas, ya yi auki, hayaƙi kuma ya ragu. Tela ya gyaɗa kai kawai. Bai taɓa yarda da bayanin da aka haɗo da murmushi ba, kuma ko a gidansa in an kunna murhu biyu itace ya fi saurin ƙarewa. Yana isa gida ya zare hular fulogin hagu, ya naɗe ta da guntun yadi, ya cusa bayan inji. Bai gaya wa kowa ba, kada dabarar ta yaɗu.

Mai kuwa ya ƙi auki. Babur na tari da safe, tanki na ramewa. Tela ya zauna a kan keken ɗinki ya binciki kowa a zuci, ban da kansa. Zargi ya tsaya a kan Dogo, maƙwabcinsa kuma abokinsa tun suna samari, wanda yake ajiye nasa babur ɗin a zauren Tela, har yana da mukulli.

Ya ɗauko rula daga shago, yana tsoma ta a tanki da yamma, ya yi alama da allin ɗinki. Da safe ya sake tsomawa, man yana nan inda ya bar shi. Wannan ya tabbatar masa ɓarawon gwani ne.

"Baban yara," in ji matarsa, "mutumin da ya goya ka zuwa asibiti shi zai zuƙe maka fetur?"

"Ai shi ya sa. Ya san ba zan zarge shi ba."

"Ga shi kuwa ba ka zarge shi ba."

Washegari ya ɗaura wa murfin tanki kwaɗo, a gaban Dogo.

"Tela, wannan kwaɗon don wa?"

"Don duk wanda ya tsargu."

Dogo ya dube shi, ya dubi kwaɗon. Ya tura babur ɗinsa waje, ya dawo ya rataye mukullin zaure a ƙusa, ya fita.

Tarin babur ya yi tsanani, dole Tela ya kai shi gareji. Bakanike ya leƙa bayan inji, ya zaro hular a naɗe.

"Wane mugu ne ya yi maka wannan? Wannan injin da wuta biyu aka tsara shi. Ka kashe ɗaya, wani man ta bututun salansa zai fita bai ƙone ba." Ya warware yadin ya ɗaga shi. "Har da kalmasa. Wannan aikin tela ne."

"Teloli sun yi yawa yanzu," in ji Tela, yana kallon gefe.

Aka mayar da hular. Babur ya daina tari, mai ya soma auki. Matarsa, wadda ta tsinci yadin a aljihunsa ta gane shi domin ragowar zanenta ne, ta ce ya tafi ya ba Dogo haƙuri tun abin bai yi tsami ba.

Ya tafi ɗin. Ya cire mukullin daga ƙusa, yana tafe yana tsara maganar da za ta yi kama da ban haƙuri ba tare da ta zama shi ba. Yana shan kwana ya hango Dogo a ƙofar gidansa, bakaniken nan ya tsaya suna gaisawa, har da dariya.

Tela ya ja baya ya laɓe jikin bango. Ashe sun san juna. Kuma in an bi a hankali, yaushe man ya fara auki? Bayan Dogo ya bar zauren.

Ya koma gida, ya mayar da mukullin a ƙusa, ya duba kwaɗon tanki ko an taɓa.