Motar Asibiti Ta Wuce Abyar Ali

Duk unguwarmu ta Aziziyya mun san Iyatu ba ta fita daga Madina. Ba ƙin yawo take yi ba, don a cikin gari babu suna ko ta'aziyyar da ba a ganin ƙafarta. Amma da an ambaci Yanbu ko Ɗa'if sai ta ɗaure fuska kamar an zage ta. Bikin jikarta guda aka yi a Jidda, ta aika da turare da zannuwa, ta yi zamanta.

Dalilinta kuwa mun ji shi har mun haddace. Mahaifinta Malam Bature da ƙafa ya taso daga Damagaram, ita tana goye. Suka yi shekaru a hanya, suna tsintar auduga a Sudan, har suka kai bakin teku. A nan uwarta ta rasu ana jiran jirgin ruwa, aka rufe ta a yashi, babu mai iya nuna wurin yau. Da suka iso Madina tsohon ya riƙa ce mata, "Uwarki ba ta iso ba, ke kin iso. Kada ki bari ajali ya same ki a wani gari." Shi Allah ya cika masa burinsa, yana kwance a Baƙi'a, maƙabartar da ke gefen Masallacin Annabi. Ita ma abin da take nema ke nan a duniya, ta cika a Madina a kai ta Baƙi'a. Likkafaninta ma yana ninke a akwati, an wanke shi da zamzam.

Da tsufa ya zo, yanar ido ta rufe mata gani, ƙoda kuma ta gaza. Da yake tana da tabi'iyya, takardar 'yan ƙasa, asibitin gwamnati ya sa ta cikin waɗanda ake ɗaukowa daga gida kyauta don wankin ƙoda. Farar mota ce mai labule, takan zo ranar Asabar da Talata. Direban wani mutumin Chadi ne, Idrisa, dogo marar magana, mai Hausar da Iyatu ba ta gajiya da yi wa dariya.

"Kai ɗan nan, Hausarka ɗin nan a kasuwa ka tsince ta?"

"A wurin tsofaffi irinki na koya, Inna. Ke ce ba ki gyara min ba."

Ba hanyarsu ba ce, amma kullum sai ya zaga da ita ta kusa da Harami, wato Masallacin Annabi. In sun kai inda ake hango koriyar ƙubba, sai ya rage gudu ya ce, "Inna, ga Ƙubba." Ita kuma ta gyara lulluɓi, ta juya makafin idanunta wajen taga, ta yi wa Manzon Allah sallama. Bayan tata sai ta shiga isar da ta jama'a, domin duk alhajin da ya sauka a gidanta, in ya koma ƙasa, yakan aiko da saƙon a gaishe masa da Annabi. Wance 'yar wane daga Zindar tana gaishe ka, wane daga Katsina yana gaishe ka. Ba ta mantawa da kowa. Sauran marasa lafiya su yi ta tsaki, Idrisa ya yi kamar kurma.

Rannan likita ya kira ɗanta Lurwanu, ya ce abin ya fi ƙarfin nan, sai babban asibiti a Jidda, kuma motarsu za ta kai ta. Lurwanu ɗan fari ne, saboda haka Iyatu ba ta taɓa kama sunansa ba, Ɗanlami take ce masa. A nan aka haife shi, yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa. Yana son uwarsa, wannan babu mai musu. Ya lallashe ta, ya kawo limami, ya yi kuka. Ta ce, "Ɗanlami, in maganin yana Jidda, a bar shi a can."

Sai ya yi abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Ya ce a ransa ai ba ta gani, ta yaya za ta sani? Ya ɓoye jakar kayanta a ƙarƙashin kujera, ya ce mata yau shi zai raka ta asibiti. Ni maƙwabciyarta ina tsaye a ƙofa suka wuce, har ta ce in ɗora mata kunun tsamiya kafin ta dawo. Abin da ya faru a hanya Idrisa ne ya ba mu labari daga baya, kansa a sunkuye. Shi umarni aka ba shi daga asibiti, Lurwanu kuma ya roƙe shi ya kama bakinsa.

Sun ɗan yi tafiya ta ce, "Yau ba mu bi ta Harami ba?"

Lurwanu ya ce, "Ana gyaran hanya, ya ummi."

Abin da bai lissafa ba shi ne watan Zulƙida ake ciki. Hanyar Jidda ta Abyar Ali take bi, wurin da masu fita daga Madina suke ɗaura harami su kama hanyar Makka. Motocin alhazai sun cushe wurin, dole Idrisa ya riƙa tafiya kamar mai jan ƙafa. Ta kowace taga murya ɗaya ke tashi, Labbaika Allahumma labbaik. Duk wanda ya girma a Madina ya san a cikin gari ba a wannan kira, sai an bar shi a baya.

Iyatu ta daɗe tana saurare. Sannan ta ce, "Idrisa, ina ne nan?"

Idrisa ya ce ya duba madubi ya ga Lurwanu yana girgiza masa kai. Amma bakinsa ya ƙi ƙarya. "Abyar Ali ne, Inna."

Ba ta yi ihu ba. Ta lalubo hannun ɗanta ta riƙe, ta ce, "Lurwanu."

Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya fashe da kuka, ya shiga rantsuwa da Larabci, wallahi kwana kaɗan ne, wallahi da kansa zai dawo da ita. Da ya ga ba ta amsa ba ya koma Hausarsa mai tuntuɓe. "Inna, ni bai so ki mutu. Ki yi haƙuri. Ni bai iya."

Ta ce, "Na san ba ka so. Amma mutuwa ai zan yi, ɗana. Wurin kawai na roƙa."

Idrisa ya tsayar da mota a gefen titi, ya ce in an ce ya juya zai juya, ko da aikinsa zai tafi. Lurwanu ya rufe fuska da ƙyallen kansa, ya ce, "Imshi. Mu tafi." Iyatu ta juya a kujera ta fuskanci baya, haka ta zauna har Jidda, ko ruwa ba ta karɓa ba.

A ƙofar asibitin, ana ɗora ta a keken marasa lafiya, ta kira direban. "Ɗan nan, yau za ka koma?"

"Yau, Inna."

"To ga saƙo. Ka san yadda ake yi, ka sha ji."

Ba ta kai Juma'a ba. Lokacin tsananin zafi ne, hanya da nisa, aka ce a gaggauta, aka rufe ta a can bakin teku kamar uwarta. Likkafanin da aka sa mata na asibiti ne. Nata yana nan a akwati, Lurwanu bai iya buɗe ɗakin ba har yanzu. Na so in ƙi shi, na kasa, domin duk wanda ya ga yadda ya koma sai ya tausaya masa. Amma zuciyata ba ta huce ba.

Ƙaltume mai ciwon ƙafa tana cikin motar a Asabar ɗin da ta biyo baya, ita ta faɗa min sauran. Ta ce Idrisa ya zaga ta Harami kamar kullum, ya rage gudu, har ya buɗe baki ya ce, "Inna, ga," sai ya haɗiye. Ya tsayar da motar gaba ɗaya, masu mota na bayansa suna ta danna masa oda. Ya sauke gilashi, ya yi sallama, hawaye na bin gemunsa, sannan ya ce da Hausar nan tasa da take yi wa dariya:

"Ya Rasulallah, Iyatu 'yar Malam Bature tana gaishe ka, daga Jidda."

Ranar babu wanda ya yi tsaki.