Malam Ya Ce a Kashe

Ranar da aka sallamo Malam daga asibiti, da muka nufi ɗakin kwana da shi sai ya turje, ya nuna falo da hannun hagu. Ɓarin damansa ya shanye, baki ya karkace, muryar da ta yi shekaru tana cika aji ta koma kalma ɗaya-ɗaya, ita ma sai an kasa kunne. Muka jawo gado zuwa falo, daura da tankin kifinsa. Dogon tanki ne na gilashi mai kifayen ruwan gishiri, masu launi kamar an yi musu fenti, wanda ya kafa bayan ya yi ritaya. Na sha yi masa tsiya cewa duk kifin nan ba za su ishi miyar mutum ɗaya ba. Yanzu kuwa su kaɗai idonsa ke bi daga safe har yamma.

Sai dai muna asibiti ruwa ya yi mana ɓarna. A ƙarƙashin babban tankin, cikin kabad, akwai wani ƙarami da Malam ke kira tankin ƙasa. Ruwa na gangarowa cikinsa ta bututu, a tace shi, famfo ya sake tura shi sama. Wata rana aka ɗauke wuta, tankin ƙasan ya yi ambaliya, ruwan gishiri ya bi ta tayil ya ɓulla a silin maƙwabtanmu na ƙasa. Da wuta ta dawo, famfon ya yi ta juyi babu isasshen ruwa har ya ƙone. Auta, ƙaramar 'yarmu, ita ke leƙa gidan a lokacin tana ba kifin abinci tana ƙara ruwa, ta kuma rantse ba ta ga tsagewa ko ɗaya ba. Ɗan injin da ke kaɗa ruwa a cikin babban tankin ne ya riƙe ran kifayen.

Mai Bene, wato mai gidan da muke haya, bai bari mun huta ba. Ya tsaya a ƙofa, ya yi wa Malam sannu irin ta wucewa, ya ce mini tankin ya bar masa gida kafin wata ya ƙare. Raina ya ɓaci, ba na ɓoyewa. Na ce masa zan gyara, ya zo ya gani da idonsa, in ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa ni da kaina zan fitar da tankin. Ya dube ni sama da ƙasa, tsohuwar tela mai tabarau, ya ce ya ji.

Auta ta ce taurin kai ne kawai. Wai jinya ta ishe ni, me zan yi da kifi. A gaban ubanta take faɗa, tana cewa "shi ma ai ba ya gane komai yanzu," kamar wanda ke kwancen kujera ce. Na ce ta bar mini falo in ba za ta riƙe mini tocila ba. Ta riƙe, tana zumɓura baki.

Tsohon tankin ƙasan na fitar, don na ɗauka ƙanƙantarsa ce ta jawo ambaliyar. Mai yankan gilashi ya haɗa mini wani mai faɗi, da shinge biyu a ciki: ruwa ya faɗo sashen farko kan audugar tacewa, ya tsallaka na biyu inda injin kumfa ke kwashe datti, ya sauka na ƙarshe inda famfo zai zauna. Wanda ya iya yanka riga ta zauna a jikin mutum ba zai kasa auna kabad ba.

Famfo ne ya ɗan ba ni wahala. A shagon kayan kifi idona ya tafi kan mafi girma, don a ganina a yi abu sau ɗaya a huta. Mai shagon ya tambaye ni tsayin da ruwan zai hau da faɗin bututun da ke sauko da shi. Na zaro tef ɗin ɗinkina na nuna masa inda na ɗaura zare. Ya ce duk famfo ƙarfinsa na raguwa in ruwa zai hau sama, amma in ya fi ƙarfin bututun saukowa, to daga sama ambaliyar za ta zo wannan karon. Na mayar da ƙaton inda yake. Na ɗauki matsakaici mai maɓallin ragewa da ƙarawa, na sa ya kunna mini shi a bokiti na kasa kunne, domin a falon Malam ke barci kuma ba zan kawo masa injin niƙa ba.

Da hantsi na gama haɗawa. Na dama gishirin teku, na zuba ruwa a tankin ƙasa har ya kusa baki, yadda kowace mace mai tsari ke cika randa. Na kunna. Ruwa ya hau, ya zagaya, ya sauko, kifaye suka fito daga cikin duwatsu. Na juya ina jiran in ga murna a fuskar Malam, sai na ga yana dukan katifa da hannun hagu.

"Kashe," ya ce.

Na matsa kusa. Ya sake cewa kashe, har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Kin ji ko, Mama?" in ji Auta. "Shi da kansa ya ce a kashe. Ya gaji. Ke ce kike riƙe abin da mai shi ya saki."

Maganar ta soke ni, don na ji tsoron gaskiya ce. In Malam ya saki kifin nan, to ba kifin kaɗai ya saki ba. Amma na zauna da mutumin nan tun gashina baƙi, na san fuskarsa in ya karaya. Fuskar da nake gani ita ce wadda yake yi wa ɗalibin da ya rufe littafi bai duba lissafinsa ba. Na ce to, Malam, an kashe, na zare filogin.

Famfo ya yi shiru, ruwa kuwa bai tsaya ba. Bututun da ke kai shi sama ya koma yana zuƙo shi ƙasa. Ina kallo tankin ƙasan ya cika, ya tumbatsa, ya kwararo kan ƙafafuna. Na mayar da filogin da sauri, muka bi ruwan da tawul da zannuwa kafin ya sami hanyar silin mutane. Ina durƙushe ina matsa tsumma na ji wani sauti daga gado. Malam ne ke dariya da rabin baki, hawaye na bin kuncinsa.

Ashe gibin da yake bari a tsohon tankin, wanda Auta ke gani ta cike, wurin ruwan da zai dawo ne in wuta ta ɗauke. Auta ta je ta zauna a bakin gadon ta tambaye shi, shi da kansa, ko haka ne. Ya gyaɗa kai. Daga nan shi ya ja ragamar aikin. Na rage ruwa, na kashe, ya ce "ƙara," na ƙara ragewa. Ya nuna bakin bututun da ke nutse can ƙasa, na ɗaga shi kusa da saman ruwa, na huda masa ɗan rami don iska ta shiga ta katse zuƙar. Inda ya ce "nan," na manna jan tef a gilashi.

Ranar da Mai Bene ya zo ya taho da takalmi mai sheƙi, ya tsaya nesa da kabad. Ya ga komai na tafiya, ya ce ai da wuta kowane abu lafiya yake. Na ce gaskiyarsa, na miƙa masa filogin na ce ya zare da hannunsa. Ya zare. Ruwa ya fara hawa a tankin ƙasa, na zuba masa ido duk da na gwada ba sau ɗaya ba. Bututu ya yi ɗan gurnani, ya shaƙi iska, ruwan ya tsaya da sauran tazarar tafin hannu. Ya jira, ya leƙa, ya shafa tayil da yatsa. Ya mayar da filogin ya sake zarewa, ruwan ya tsaya inda ya tsaya da farko.

Ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. Ya matso kusa da ni, ya rage murya, ya ce a bar tankin, ba komai, ai abin na ɗan lokaci ne, in ta Allah ta kasance sai a fitar. Yana faɗa yana satar kallon gadon.

"Alhaji, kunnensa ba abin da ya same shi," na ce. "Ga shi nan. In kana da wa'adin da ka yanka masa, juya ka faɗa masa."

Bai juya ba. Ya nemi takalminsa ya tarar yana ƙafarsa, ya yi sallama ya fita.

Na ɗauki waya na kira mai shagon kayan kifi, na ce ya aiko mini da gishirin teku. Ya tambaya ko ɗan ƙaramin ƙunshi irin na rannan. Na dubi Malam, shi ma ni yake kallo. Na ɗaga murya yadda za a ji har matattakala, na ce ya kawo babban bokitin nan, wanda ya ce yana kai mutum shekara, kuma ya kawo biyu.