Kifin Baba Masunci

"Wa ya rufe shi?" na tambaya, ina nuna bahon kifin.

Anti mai ɗinki, 'yar maƙwabcinmu Baba Masunci, ba ta ko ɗago kai daga bakin zanen da take kalmashewa ba. Ta ce ita ta kifa tire a kan bahon, saboda ƙuda. Har ruwa ta canja wa kifin, ta zuba masa irin wanda take tafasa wa Baba ta bari ya huce, tunda nas ta ce shi ne mai tsabta.

Na ɗaga tiren. Kifin ya taso sama yana hangame baki, kumatunsa na bugawa da sauri.

Na yi mata bayanin da na karanta, ina ta in-ina. Kifi yana shigar da ruwa ta baki, ruwan ya ratsa jajayen tsokokin nan masu kama da mataji a ƙarƙashin kumatunsa, su tsotse iskar da ke ciki. Tafasawa kuwa korar iskar take yi.

"To, likita," in ji ta. "Kifi ne zai nutse a ruwa?"

Haushi ya kama ni. Karo na uku ke nan ina faɗa mata.

Baba yana kwance bayan labule, da siririyar robar iska a hancinsa. Wannan kifin ne na ƙarshe da ya kama kafin ciwon ƙirji ya kwantar da shi, kuma ya hana a dafa. Kullum na shigo sai ya tambaye ni ko kumatun na motsi.

"'Yata," ya ce mini, yana hutawa tsakanin kalma da kalma, "ɗebo na famfo. Ɗaga butar sama. Ya zubo da ƙara."

Nan take Anti ta miƙo mini buta, kamar yau ta fara jin zancen.

Bayan kwana huɗu, da hantsi, Baba ya rasu. Gida ya cika da masu gaisuwa. Sai da yamma na samu na kutsa, na tarar an sake kifa tiren, har an jera kofuna a kai. Na sauke su ɗaya bayan ɗaya, mata suna kallona. Wata tsohuwa ta ce yaran yanzu ba su san gidan rasuwa ba. Ummata ta harare ni daga kan tabarma. Kunnuwana suka yi zafi, amma ban tsaya ba.

Kifin ya kwanta a gefensa. Na ciko buta, na ɗaga ta sama, rabin ruwan yana zuba a ƙafata.

Sai na ji an karɓe butar. Anti ce, idanunta a kumbure. Ta ɗaga ta sama da kanta, ta tsiyaya a hankali. Ruwan ya yi kumfa.

An naɗe labulen ɗakin Baba, robar iskar na rataye a jikin ƙusa. A cikin bahon, kumatun suka buɗe, suka rufe, suka sake buɗewa.