Moton da Ba Shi da Lamba

Ranar da injin surfanin Yaya ya tsaya, sai ta zare soket. Ta kira ƙanenta a waya, wanda kowa ke ce wa Gwani saboda gyaran rediyo da firinta da yake yi a wani ɗan shago ƙarƙashin bene.

Injin ba na kanti ba ne. Marigayi mijinta ne ya harhaɗa shi da hannunsa, wannan ƙarfe daga matacciyar firinta, wancan daga bolar wata masana'anta. Da shi take yi wa rigunan 'yan makaranta baje, wato tambarin makaranta, da shi kuma ta riƙe yara huɗu tun rasuwarsa. Mutumin kirki ne, amma bai taɓa rubuta komai ba. In an tambaye shi sai ya taɓa goshi ya ce littafin na nan.

Gwani na buɗe murfin warin ƙuna ya buge shi. Allon da ke ba moto wuta ya toye ƙurmus. Moton irin mai juyawa taku-taku ne, wanda masu gyara ke kira sitefa, shi ke jan firam ɗin yadi dama da hagu. Kafin a saita sabon allo sai an san yawan wutar da yake ci. Ya juya shi ciki da bai yana neman lamba. Inda takarda ta taɓa mannewa babu komai sai baƙin ɗanko da ƙurar zare.

Ya tafi da shi shago. Wayoyi shida ne, maiko ya mai da su launi ɗaya. Ya bi su bibbiyu da mitar awon wuta har ya gano naɗin waya biyu a cikin moton, kowanne da wayarsa ta tsakiya. Sannan ya manna tsinke a kan sandar moton, yana murzawa a hankali yana ƙirga taku. Ya kai ɗari da talatin mai askin da ke maƙwabtaka ya leƙo yana tambaya ko carbin ƙarfe aka fara yayi. Lissafi ya ɓace, ya sake daga farko. Taku ɗari biyu cif.

Wuta ce mita ta kasa gaya masa. Ya tura hoton moton cikin zauren masu gyara a waya, mutum bakwai suka ba shi amsa bakwai. Ya je wurin tsohon maigidansa da ya koya masa sana'a. Dattijon ya auna moton a tafin hannu, ya shinshina, ya ce tsufa ya kama shi kamar yadda ya kama mai maganar.

"Ba shi wuta kaɗan-kaɗan, kana taɓawa," in ji shi. "In hannunka ya kasa jurewa, ka wuce gona da iri. Iyakar sanina ke nan, ɗana."

Rana ta huɗu Gwani ya ɗaura moton da sabon allo a ɗakin Yaya. Da ƙaramar wuta moton ya yi ta gurnani yana tsallake taku, haruffan bajen suka hau kan juna. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa. Sai allura ta kama hanya, baje uku suka fito tsaf. Yaya ta ɗaga ɗaya wajen taga tana dubawa, har ta fara zancen kiran makarantar da ke jiran riguna.

A baje na huɗu firam ya ƙame. Gwani ya kai yatsa jikin moton, ya janye da sauri. Da ya sa mita, naɗi ɗaya ya katse.

Ya daɗe a tsugune. Ko dama moton ya raunana tun ranar da allo ya ƙone, ko shi ne ya ƙarasa shi, bai sani ba, kuma babu mai gaya masa.

"Tashi, Gwani," Yaya ta ce. "Ba laifinka ba ne. Ya gaji ne kawai."

"Zan samo wani, Yaya."

Ta gyaɗa kai, ta shiga ninke rigunan da ba a taɓa ba.

Mako biyu yana bin rumfunan tsofaffin kaya da moton a aljihu. Wanda ramukan kusoshinsa suka dace, sandarsa gajera ce. Wanda sandarsa ta kai, giyar ƙarfe mai haƙora da marigayi ya goge da hannu ta ƙi shiga. Makarantar ta aiko aka kwashe rigunanta. Yaya ta sami aikin guga a wani gidan wanki, tana fita da safe ta dawo ƙafafu a kumbure.

Ba ta taɓa tayar masa da zancen ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Sannu a hankali ya rage zuwa gidan. In 'ya'yanta sun biyo ta shago, ya kan tambaye su lafiyar uwarsu, su ce lafiya lau, ya sunkuya ya ci gaba da aikin da ke gabansa.