Kaset Daga Bradford

Kamfanin da ke sayar da kompailar a Ingila yake, kuma ba ya aika kaya Pakistan. Shi ya sa Zahur ya bi ta hannun wansa Liyakat, mai aiki a masaƙa a Bradford. Manhajar ita ce za ta juya abin da ya rubuta zuwa abin da ƙaramar kwamfutarsa ke ganewa, kuma a kaset take zuwa, irin na waƙa. Tun damina yake damun wan a kanta. Bai taɓa gaya masa cewa mahaifiyarsu na jiran muryarsa ba.

Ammi, mahaifiyar tasu, ba ta karatu. Kamar sauran iyaye mata a Mirpur, kaset ake aiko mata, ta saurara, ta naɗi amsa a kai, a mayar.

Ranar da ƙunshin ya iso, Zahur yana makarantar da yake koyarwa. Da ya dawo ya tarar da ita a tsakar gida, rikoda a cinya, shayinta ya huce.

"Ɗan'uwanka ya tuna da ni," ta ce. "Amma hanya ta ɓata kaset ɗin. Kuka kawai yake kamar gyare. Har ƙarshe na saurara, ko zan tsinci kalma ɗaya."

Ya ɗauki kaset ɗin. Ashe ta cusa takarda a ramukan sama don ya karɓi naɗi, yadda maƙwabciya ta koya mata, ta naɗi maganarta a kai. Fuskar farko ta tafi.

Ya juya shi. Kamfanin ya sa kwafi na biyu a baya. Daɗi ya kama shi, sai kuma ya ji kunyar daɗin.

"Kunna ka ji, Malam mai injin," ta ce. "Na fita sosai?"

Ta fita sosai. Ta ba Liyakat labarin haihuwar ɓaunar da suke kiwo da rufin da ke yoyo. Ta ce kada ya damu da lalacewar kaset, ta san abin da ya so faɗa. Tana cikin zancen ciwon gwiwarta zaren ya ƙare.

"Ban kai ga addu'a ba. Juya min bayan."

Akwai kaset a shagon bakin titi. Amma in ya kawo sabo za ta tambayi dalili, domin a kan na mai aikowa ake amsawa. Dalilin kuwa shi ne Liyakat bai aiko mata komai ba. Zahur ya tsaya yana auna wanne ya fi muni, ƙaryar ko gaskiyar. Abin da ya gano shi ne shirun da ya yi tun damina ya fi su duka.

"Hannunka ya mutu ne?"

Ya sa kaset ɗin, ya danna maɓallan naɗi guda biyu.

"Matso kusa, Ammi. In kin gama ki bar min wuri. Ni ma ina da magana da shi."